Kurakuranmu wajen koyar da lissafi, da yadda za mu gyara su

Akwai wata yarinya a ajina, 'yar aji huɗu, da ke tallan ƙuli-ƙuli duk ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. Ka ɗauki na ɗari uku da hamsin ka ba ta dubu, kafin ka mai da hannu aljihu ta miƙo maka ɗari shida da hamsin. Ita ce kuma na rubuta wa 52 − 17 a allo ta ba ni 45. Na daɗe ina ɗora laifin a kanta, daga baya na gane namu ne, mu malamai. Yaran ƙauyukanmu suna zuwa makaranta da lissafinsu a ka, mu ne muke sa su ajiye shi a bakin ƙofa.

Dubi yadda ta samu 45 ɗin. Ta ga 2 a sama, 7 a ƙasa, ta ɗebe ƙarami daga babba ta samu 5, sannan ta ɗebe 1 daga 5 ta samu 4. Ba shirme ta yi ba, wata ƙa'ida ta ƙirƙiro wa kanta, domin mun ce mata “ki ari ɗaya daga maƙwabci” ba mu taɓa nuna mata mene ne ɗayan nan ba. Kuskurenmu mafi girma ke nan: muna fara wa yaro da alli, alhali hannunsa bai taɓa komai ba. Tun 1966 Jerome Bruner, masanin ilimi ɗan Amurka, ya bayyana cewa yaro yakan fara fahimta da abin da ya riƙe, sai hoto, sannan alama. A kan wannan tsari makarantun Singafo suka gina koyar da lissafinsu.

Mu kuwa kayan aikin na nan zube a gona bayan girbi. Sa yara su kakkaryo karan dawa tsawon ɗan yatsa, a ɗaure goma-goma da kaba. Hamsin da biyu ya zama ɗauri biyar da kara biyu. Ka ce, “Yauwa, ba ni goma sha bakwai.” Za ta ba ka ɗauri ɗaya, ta tsaya tana kallon kara biyun nan. Kada ka ce uffan. Da kanta za ta kwance ɗauri guda, karare su zama goma sha biyu, ta cire bakwai, ta ƙirga ɗauri uku da kara biyar. Aron da muke ta faɗa ashe kwance ɗauri ne. Sai bayan haka a zana a ƙasa, sannan a koma allo. Da wannan ɗaurin ake maganin yaron da ake ce wa rubuta ɗari da biyar ya rubuta 1005.

Sai maganar harshe, wadda ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro ɗan shekara shida, bai san ko gaisuwa da Turanci ba, a tsai da shi yana rera jadawalin sau da Turanci kamar waƙa. Ka tambaye shi bakwai sau shida, sai ya koma tun daga bakwai sau ɗaya ya gangaro. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen gidansu ko na yankinsu. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da 'yan firamare da Yarbanci shekara shida, ya nuna yaran ba su ci baya ba, har a Turancin. Ƙirgar Hausa kuma taimaka mana take yi: “goma sha uku” ta riga ta gaya wa yaro goma ce da uku, kuma tsohuwar da ke cewa “ashirin ba biyu” ɗebewa take yi a cikin magana. A yi bayani da Hausa har ya zauna, sannan a kawo kalmar Turancin da zai tarar a jarrabawa. Haddar jadawali tana da amfani, ban ce a bar ta ba, amma ta biyo bayan fahimta. Gidan dara ma ya isa darasi, layi biyar, rami shida-shida, talatin ke nan.

Wurin lissafin kashi-kashi abin ya fi ba ni takaici. Yara da yawa suna ɗauka 1/8 ya fi 1/4, tunda takwas ta fi huɗu, mu kuma sai mu zana wani da'ira a allo mu wuce. Alhali a garin nan ba wanda bai taɓa jin rabon gado ba. Matar mamaci tana da rubu'i idan bai bar ɗa ba, sumuni idan ya bari, kuma kowa ya san sumuni ne ƙarami. Manomin da ya samu dami ɗari na damina ya san goma ne zakkarsa, na noman rani da ya yi ban-ruwa da inji kuma biyar. Ushuri da rabin ushuri, wato 1/10 da 1/20. Kawo rake guda biyu masu tsawo ɗaya, a raba wannan gida huɗu, wancan gida takwas, kowa ya zaɓi wanda yake so.

Bulala kan amsar da ba daidai ba, a daina kawai. Wanda aka daka gobe kwafa zai yi, kai kuma ka rasa ganin inda ya karkace. “Yaya ka yi ka samu wannan?” ta fi ta aiki.

Akwai kuma bin manhaja ido rufe. Littafi ya ce makon nan doguwar rabawa, sai mu yi ta, ko da rabin ajin ba su gane 47 da 74 ba. Na san uzurin, yara fiye da ɗari a ɗaki ɗaya, masu duba makarantu kuma littafin shirin darasi suke buɗewa. Amma ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da wata hanya da aka gwada a Wudil da Dawakin Tofa daga 2019: a gwada kowane yaro shi kaɗai na 'yan mintoci, a raba su rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba, a ware musu lokaci kullum. Ni ma haka nake yi yanzu, rabin awa kowace safiya. Masu koyon lambobi suna gindin darbejiya da tsakuwa, masu tarawa da ɗebewa suna baranda da kararensu, sauran suna ciki tare da ni, ina zagayawa.

Mai ƙuli-ƙulin nan ita ke kula da rukunin baranda yanzu. Shekaranjiya na ji ta tana ce wa wani yaro, “Kai, ba ya isa, kwance ɗaya mana.”