Kurakuran da masu fafutukar hanyoyin ƙafa da keke suka fi yi, da yadda ake gyara su

A Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashen Turai akwai ƙungiyoyin sa-kai da suka shafe shekaru suna neman a ware wa masu tafiya a ƙasa da masu hawa keke hanyoyinsu na kansu, waɗanda mota ba ta bi, sannan a haɗa hanyoyin har su sada gari da gari. Yawanci a kan tsofaffin layukan dogo da jirgi ya daina bi ake shimfiɗa su, ko kuma a gefen koguna da magudanan ruwa. Aiki ne da ya cancanci goyon baya, domin ɗan makaranta da tsoho mai motsa jiki da ma'aikacin da ba shi da mota duk suna da haƙƙin isa inda za su ba tare da fargabar haɗari ba. To amma akwai kurakuran da ake ta maimaitawa a wannan fafutuka, kuma yawancinsu tushensu ɗaya ne, wato mai fafutuka ya zuba ido a kan layin da ya zana a taswira, ya manta da abin da ƙafa da taya za su tarar a ƙasa.

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne auna nasara da yawan kilomitocin da aka gina. Ƙungiya takan fara da wuraren da suka fi sauƙi, inda fili yake a buɗe kuma babu mai jayayya, ta bar mahaɗar manyan tituna da gadoji da unguwannin masana'antu sai wani lokaci, alhali a nan ne mai keke yake tsorata ya koma gida. Hanyar Burke-Gilman ta birnin Seattle a Amurka ta fara aiki tun 1978, amma a unguwar Ballard an bar giɓin da bai kai kilomita uku ba, kuma an shafe sama da shekara 20 ana jayayya da ƙararraki a kansa tsakanin hukumar birni da masu masana'antun da manyan motocinsu ke shiga da fita a wurin. Duk tsawon wannan lokaci masu keke suna cakuɗa da manyan motoci, wasu kuma suna faɗuwa wajen tsallake ƙarafan layin dogo. Gyaran shi ne a lissafa giɓoɓi tun ranar farko, a sa mafi wuya a gaba wajen neman kuɗi da izini, ko da ginin nasa zai zo daga baya. Birnin Sevilla na ƙasar Sifen ya nuna amfanin haka, domin tsakanin 2006 da 2007 ya gina kusan kilomita 80 na hanyoyin keke a haɗe, a raba da motoci, kuma cikin 'yan shekaru yawan masu hawa keke a birnin ya ninka sau da dama.

Akwai wata dabarar rufe giɓi da ta fi barinsa illa, ita ce a kafa allo a bakin titin mota a ce shi ma yana cikin hanyar. Ƙungiyar Sustrans, wadda ta samo asali a Bristol a 1977 kuma ta gina hanyar da ta haɗa Bristol da Bath a kan tsohon layin dogo, ta sami sama da fam miliyan 40 a 1995 don ta shimfiɗa hanyoyin keke a faɗin Birtaniya. Hanyoyin sun yi ta ƙaruwa har suka haura kilomita 26,000, sai dai kaso mai yawa tituna ne da motoci ke gudu a kansu. Da ƙungiyar ta binciki kanta a 2018, sai ta bayyana cewa sama da kashi 40 cikin 100 na hanyoyin ba su da inganci sam, a 2020 kuma ta cire ko ta sauya matsayin kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Na yaba wa wannan gaskiya, domin ba kowace ƙungiya ce za ta rage abin da take alfahari da shi da hannunta ba. Ma'aunin da suka riƙe shi ne wanda ya kamata kowa ya ɗauka: shin yaro mai hankali ɗan shekara 12 zai iya bin wannan wuri shi kaɗai? Idan ba zai iya ba, to a rubuta wurin a jerin giɓoɓi, kada a yi masa allo.

Kuskure na gaba ya shafi ƙasa, kuma shi ne wanda ba ya gyaruwa idan an makara. Duk wanda ya ga yadda burtali yake ɓacewa ya san yadda abin yake: wannan ya ɗan matso da gonarsa, wancan ya ja katanga, kafin a ankara hanyar da ta ratsa ƙauyuka goma ta yanke a wuri biyar. Haka tsohon layin dogo yake. A Amurka kamfanonin jirgin ƙasa da yawa ba su mallaki filin da layinsu ya bi ba, izinin wucewa kawai suke da shi, saboda haka da zarar an yi watsi da layi a hukumance sai filin ya koma hannun masu ƙasar da ke maƙwabtaka da shi, guntu-guntu. Domin hana wannan ne majalisar dokokin ƙasar ta yi wa dokar hanyoyin ƙasa ta 1968 gyara a 1983, ta ba da damar ajiyar layin dogo, wato ƙaramar hukuma ko ƙungiya ta karɓi layin ta mai da shi hanyar ƙafa da keke, da sharaɗin cewa jirgi zai iya dawowa idan buƙata ta taso. Amma dole ne a shigar da buƙatar kafin a kammala watsi da layin, kuma wa'adin gajere ne. Ƙungiyar da ta tsaya tara jama'a da buga riguna har wa'adin ya wuce ta yi asarar da ba ta da magani, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko an yi ajiyar a kan lokaci, kuskure ne a ɗauka cewa maganar masu ƙasa ta ƙare. A 1990 kotun ƙolin Amurka ta tabbatar da dokar a shari'ar Preseault, amma ta bar wa masu fili ƙofar neman diyya daga gwamnatin tarayya. A 2014 kuma, a shari'ar Brandt da ta taso daga jihar Wyoming, kotun ta yanke cewa izinin wucewar da aka ba kamfanin jirgi a ƙarƙashin dokar 1875 ya mutu da mutuwar layin, filin na mai ƙasa ne. Abin da ya kamata shi ne a sami lauya ya bi takardun kowane fili ɗaya bayan ɗaya kafin a nuna wa jama'a taswira. Aikin yana da gajiyarwa kuma ba ya fitowa a hoto, shi ya sa ake gudunsa.

Daga nan sai batun maƙwabta. Manomi ko mai gida da ya fara ganin layi ya ratsa bayan gidansa a shafin jarida ya riga ya zama abokin gaba, kuma da wuya a dawo da shi. Damuwarsa takan kasance ta gaskiya: baƙi za su leƙa masa tsakar gida, karnukan masu yawo za su firgita masa dabbobi, za a zubar da shara, motar gonarsa za ta rasa wurin tsallakawa. Kiran irin wannan mutum maƙiyin ci gaba rashin adalci ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A je masa gida kafin taron jama'a, a saurare shi, a sa shinge da ƙofa da mashigar motar gona a cikin kasafin aikin, sannan a kai shi ya ga wata hanyar da ta daɗe tana aiki, ya tambayi maƙwabtanta da bakinsa. Kai mai adawa wurin da ake magana a kai tsohuwar dabara ce. A 1954, lokacin da ake shirin mai da gefen magudanar ruwa ta Chesapeake da Ohio, wadda ta haɗa Washinton da garin Cumberland a Amurka, titin mota, alƙalin kotun ƙoli William O. Douglas ya gayyaci editocin jaridar Washington Post da suka goyi bayan titin su taka hanyar da ƙafa tare da shi. Tafiyar kusan kilomita 300 ce, ta ɗauki kwana takwas, ba a gina titin ba, a 1971 kuma wurin ya zama gandun tarihi na ƙasa.

Hanyar yanki tana ratsa ƙananan hukumomi da yawa, don haka ƙungiyar da ta ce ita kaɗai za ta yi aikin ta ɗauko abin da ya fi ƙarfinta, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hanyar Great Allegheny Passage mai kimanin kilomita 240, daga Pittsburgh zuwa Cumberland, gutsattsari ce a hannun ƙananan ƙungiyoyi har sai da suka haɗu a inuwa ɗaya a 1995, da murya ɗaya wajen neman kuɗi, daga baya kuma hanyar ta sami suna ɗaya da alluna iri ɗaya. An sayi filin farko a 1978, an rufe giɓin ƙarshe a 2013, kuma yau mutum yana iya hawa keke daga Pittsburgh har Washinton idan ya ɗora da hanyar magudanar da Douglas ya kare.

Kula da hanya bayan an buɗe ta kuwa, magana ce gajeriya. Kuɗin gini yana samuwa saboda akwai bikin yanka kyalle, amma sare ciyawa da yashe kwalbati da gyaran gada babu mai rububinsu. Kada a aza tubali sai an sami rubutacciyar yarjejeniya mai faɗin hukumar da za ta kula da kowane sashe da inda kuɗin zai fito kowace shekara.

Na ƙarshe shi ne mantawa da wanda aka yi wa hanyar. Binciken Sustrans na 2018 ya ƙirga shingaye kimanin 16,000 a kan hanyoyinsu, da yawa an kafa su ne don tare babura, amma waɗanda suka fi tarewa su ne masu keken guragu da iyaye masu tura keken jarirai. Maganin shi ne a faɗaɗa mashigai, a kuma gayyaci masu irin waɗannan kekuna su gwada kowace mashiga kafin a karɓi aiki daga ɗan kwangila. A birnin Atlanta na Amurka abin ya ɗauki wata kama. Hanyar BeltLine da aka tsara ta kewaya tsakiyar birnin, wadda ta samo asali daga kundin digiri na biyu da Ryan Gravel ya rubuta a 1999, ta yi farin jini har farashin gidaje da kuɗin haya suka tashi a unguwannin da ta bi, marasa ƙarfi suka fara ƙaura. A 2016 Gravel da kansa ya sauka daga kwamitin ƙungiyar da ke tallafa wa aikin, saboda yana ganin ba a ba gidaje masu sauƙin kuɗi muhimmancin da ya dace ba. Ya kamata ƙungiyar da hanyarta za ta ratsa unguwar talakawa ta nemi hukuma ta sayi filayen gidajen haya masu rahusa a gefen hanyar tun kafin a sanar da taswira, lokacin da farashin bai motsa ba, kuma ta ba mazauna unguwar kujeru a kwamitin da ke yanke shawara.