Darasi na 7: Tantance Aiki Tare da Masu Ruwa da Tsaki

Duk aikin da aka kawo wa jama'a, ajin karatu ne ko rijiya ko shirin kiwon lafiya, akwai ranar da za a zauna a duba ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Sau da yawa jami'i ne yake zuwa daga nesa da takardarsa, ya yi tambayoyi, ya koma ya rubuta rahoto. Waɗanda aka yi aikin dominsu kuwa ba sa sake jin ɗuriyarsa.

Masu ruwa da tsaki su ne wanda ya ba da kuɗi, da ma'aikatan da ke gudanar da aikin, da masu amfana da shi. Akwai kuma waɗanda suka fara zuwa suka daina. Su ake yawan mantawa da su, alhali galibi su suka fi sanin inda gizo ke saƙar.

A gayyato kowa tun ranar da za a tsara tambayoyi. Idan sai an gama rubuta rahoto aka kira mutane su sa hannu, to ba a yi da su ba. A ajin manya, mai ba da kuɗi zai so sanin mutum nawa suka yi rajista. Ɗaliba kuwa damuwarta ita ce, shin yanzu tana iya karanta saƙon waya da takardar magani ba tare da ta nemi wani ba? Duka biyun a rubuta su.

Rashin iya rubutu ba ya hana mutum ba da maki. A shimfiɗa babbar takarda, a zana agogo don lokacin darasi, allo don koyarwar malami, littafi don kayan karatu. A ba kowa tsakuwa 10, ya zuba mafi yawa a kan abin da ya fi damunsa. Sai a ƙirga a gaban kowa. Idan tsakuwa ta taru a kan agogo, kada a yi gaggawar yanke hukunci, a tambaya: me ya sa? Wataƙila darasin yana cin karo da lokacin neman abin kai.

Mata su yi nasu zaman daban, matasa ma haka, kuma malami ya ba su wuri. Ba kowa ne zai iya faɗin gazawar mutum a kan idonsa ba.

A shekarar 2002 ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna CARE ta ƙirƙiro katin maki na al'umma a ƙasar Malawi, a fannin kiwon lafiya. Masu amfana suna ba da makinsu su kaɗai, ma'aikata su ma suna auna kansu, sannan a haɗu a kwatanta. Inda makin ya sha bamban, nan ake tsayawa a tattauna, har a amince da abin da za a gyara, da wanda zai yi, da ranar da za a sake dubawa.

Aikin aji: ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya kawo tambaya ɗaya da yake so a yi game da wannan ajin namu, ya zana hoton da zai wakilce ta. Mako mai zuwa kowa ya zo da tsakuwarsa 10.