Yadda ake gano ko sokawe ta lalata ruwan bohol a sababbin unguwanni

A sababbin unguwannin da ke kewaye da birnin Katsina, inda ruwan famfo daga dam ɗin Ajiwa bai cika kaiwa ba, kowa ya gina gida sai ya haƙa bohol ya kuma haƙa sokawe, duk a fuloti ɗaya. Ƙasarmu kuwa rairayi ce, ba ta riƙe ruwa. Abin da ya tsiyaye daga shadda yakan rikiɗe ya zama sinadarin naitiret, ya bi ruwa ya nutse ƙasa. Ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Ruwan na iya fita garau kamar na gora alhali yana ɗauke da shi.

Ka fara da tef ɗin awo tun kafin ka kashe ko sisi. Tazarar da aka saba ba da shawara tsakanin masai da rijiya mita 30 ce. To fulotin ƙafa 50 da 100 tsawonsa gaba ɗaya kusan mita 30 ne, ka ga ke nan lissafin bai fita. Kada ka tsaya a gidanka. Yi sallama da maƙwabcin bayanka, ka ce, "Alhaji, don Allah ina aka yi maka sokawe?" Sau da yawa za ka tarar katanga ce kawai tsakanin raminsa da bohol ɗinka. Zana wannan a takarda, ka lura da inda ruwan sama ke gangarawa: ramin da ke sama da rijiyarka ya fi na ƙasa haɗari. Garken shanu, juji da gonar da ake zuba wa taki su ma ka sa su.

Sannan ɗibar ruwa. Kunna famfo ya zuba na minti 5 zuwa 10, ka ɗiba daga bakin bututu, ba daga tankin sama ba. Ɗauraye gora mai tsabta sau uku da ruwan, cika ta, rubuta rana, saka a kula da ƙanƙara, ka kai ɗakin gwaji kafin awa 48. Hukumar ruwa ta jiha ko sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua wurare ne da za ka fara tambaya. Bayan naitiret, ka ce a duba E. coli ma, ƙwayar cutar da ke fitowa daga bayan gida.

Wajen karanta sakamako ake yawan ruɗewa. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ita ce ta Najeriya, miligiram 50 ce na naitiret a lita. Amma in takardar ta ce NO3-N, wato wani ma'auni ne na daban na naitiret ɗin, iyakar kusan 11 ce, don haka 20 a wannan ma'auni ta wuce gona da iri.

Gwaji ɗaya ba ya isa. Yi ɗaya a Afrilu, ɗaya a Oktoba bayan damina ta wanke ƙasa, ka adana takardun. A unguwar da ake ta tarewa, lambar da ke hawa kowace shekara ta fi ba ni tsoro a kan lamba ɗaya mai ɗan yawa.

In ya wuce iyaka, jarirai 'yan ƙasa da wata 6 su ne abin ji, musamman masu shan madarar gwangwani: sinadarin yana hana jininsu ɗaukar iska, leɓe ya yi shuɗi. Tafasawa ba ta fitar da shi, ƙara masa ƙarfi take yi. Alif da kulorin ma ba sa taɓa shi. A nemo wa jariri wani ruwan tun ranar, sannan a kira mai bohol ya duba ko an toshe gefen bututun da siminti tun daga sama.