Kurakuran da na gaji da gani a hotunan masu zuwa Rumsiki

Duk ƙarshen shekara sai samarin unguwarmu a Marwa, arewacin Kamaru, sun haɗa kuɗin mota sun tafi kallon duwatsun Rumsiki ko Mindif. In sun dawo sai a miƙo mini waya: "Yaya, duba mana, don me dutsen bai fito yadda muka gan shi ba?" Amsar ɗaya ce kullum, baki kuma ya gaji da maimaici, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Abin da kuka saba yi shi ne ku tashi daga Marwa da hantsi, ku tsaya cin abinci a Mokolo, ku isa rana tsaka, ku ɗaɗɗauka, kafin la'asar kun juyo. Hoton ya lalace tun daga tasha. Rana tsaka haske daga bisa kai yake saukowa, inuwar kowane abu ta gajarce, alhali inuwa ce ke nuna wa ido tudu da kwari. Duwatsun Kapsiki da ke kewaye da Rumsiki ragowar tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne. Abin da ya daskare a cikinsu shi ya saura a tsaye bayan ruwa da iska sun cinye gefe, kuma kyansu yana cikin tsage-tsagen jikinsu, waɗanda ba sa bayyana sai haske ya zo a karkace. Ni dai kwana nake yi a can. Ina idar da sallar asuba nake fita, in yi aiki daga fitowar rana zuwa kamar awa ɗaya, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa magariba. Kada ku saki jiki da abin da kuke gani a bidiyon Turawa, inda rana ke daɗewa tana faɗuwa. Mu muna wajen digiri 10 zuwa 11 ne arewa da tsakiyar duniya, ranarmu miƙewa take ta hau, ta kuma faɗi da sauri. Wanda bai zaɓi wurin tsayawarsa tun da rana ba, kafin ya gama dube-dube duhu ya rufe shi. Tsakar rana lokacin zagayawa ne da tambayar mutanen gari ta ina rana ke ɓullowa, sannan a sha shayi a huta.

Sai hazo. Yawancinku a watan Disamba ko Janairu kuke tafiya don lokacin ake hutu, ku dawo kuna zagin waya wai ta mai da sama fara fat. Wayar ba ta da laifi. Ƙurar nan daga Bodele take tasowa a arewacin Chadi, gindin tsohon tafki ne da ya ƙafe, iska kuma na kutsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashe ta ta watso mana. Idan hazo ya sauka, rage sama a cikin hoton, ko kuma ka nemi jerin tsaunuka da ke bin bayan juna, na kusa baƙi, na nesa suna ta dusashewa. Wannan hazo ne kaɗai ke ba da shi. Mai son sama shuɗiya da gonakin matakala na tsaunukan Mandara kore shar, ya jira ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ya wanke iska.

Amma ɓarnar ƙura a jikin kaya ita ta fi ci mini rai, don kyamarata ta farko ita ta kashe ta. A hanyar Maga aka buɗe ta cikin iskar hunturu don canza gilashin gabanta, wato lens, tun daga ranar kowane hoto sai ya fito da ɗige-ɗige baƙaƙe a sama, daga baya abin jawo hoto ya fara ƙara in an murɗa, ya cije gaba ɗaya. Kuɗin da na daɗe ina tarawa ke nan, kuma babu mai gyaran irin wannan a kusa. Shi ya sa jikina ke rawa in na ga yaro ya cire gilashi a tsakiyar rairayin Mayo Kaliao, bakin kyamara na kallon sama, yana hira. Haba! Ƙurar da ke shiga cikin akwati a kulle ita za ka buɗe wa ƙofa? In dole ne, shiga mota ka rufe tagogi, ka kashe kyamarar, ka kifa bakinta ƙasa, ka gama da sauri. Ni yanzu da gilashi ɗaya nake yini. Kuma don Allah a daina goge gilashi da hannun riga ko bakin rawani. Ƙurar nan tsakuwa ce 'yar mitsitsiya, in ka murza sai ta karce. A fara hurawa da 'yar robar hura iska, sannan a bi da ƙyalle mai laushi wanda ba ya wani aiki sai wannan. A kan babur kuwa, kyamara cikin leda, leda cikin jaka.

Na biyun da ya jawo mini asara bai da alaƙa da haske ko kaɗan. Muna dawowa daga doguwar tafiya, katin kyamara cike da hotuna, wani ƙane da muka ɗauko ya ga kogi ya ɗaga waya a kan wata gada. Nan take aka tsayar da motar. Aka karɓi wayarsa, aka ga jakata aka ce in buɗe, muka yini ana tambayoyi, ba a sake mu ba sai da aka goge duk abin da ke kan katin. Har yau akwai hotunan da nake gani a cikin kaina waɗanda ba zan sake samun irinsu ba. Gada, bariki, filin jirgi, shingen jandarma, ginin gwamnati: ba a ɗauka, ko da wasa, balle a yankin da ya sha fama da Boko Haram, inda kowa ke zargin baƙon da ke nuna waya. Mai tsallakawa daga Kusiri zuwa Injamena ya sa wayarsa a aljihu har ya yi nisa da bakin iyaka, kuma ya nemi takardar izinin ɗaukar hoto kafin ya fito da babbar kyamara a Chadi. Kafin ku nufi Waza ko ƙauyukan kan iyakar Najeriya, ku tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki.

Haka nan mutane. Ku je Pus ganin ɗakunan laka na ƙabilar Musgum, waɗanda aka gina a tsaye ba katako ba ƙarfe, ku kutsa gidan mutane ba sallama, ku haska matar gida tana aikinta, kafin dare tana kan Facebook. Wa zai yarda a yi wa mahaifiyarsa haka a bakin rijiya? Wannan rashin tarbiyya ne, ba sha'awar hoto ba. Ni sai na gaisa, da Fulatanci in ya kama, na zauna, na sayi wani abu in kasuwa ce, sannan in ce: "Baba, ko za ka yarda in ɗauki hoton ɗakin nan?" In ya amince na nuna masa abin da na ɗauka. In ya ce a'a, magana ta ƙare. Yara kuwa sai da izinin iyayensu, kuma ba na miƙa musu sefa, don ta haka ake koya musu tare baƙi da roƙo.

Sauran ƙanana ne. Ruwan tafkin Lagdo ba ya gangara gefe ɗaya, ku kunna layukan da ke kan fuskar waya ku daidaita hoton. A yawancin wayoyi jawo hoto da yatsu biyu ba ya ƙara komai sai dishi-dishi, ku taka da ƙafa ku matsa. Dutsen Mindif shi kaɗai ba ya nuna girmansa, ku jira makiyayi ko mai keke ya gifta a gindinsa. Ku daina cika wa hoto launi har ƙasarmu mai ruwan toka ta koma ja kamar ta Gaundare. Kada a bar kyamara ko batir a mota a kulle cikin zafin Afrilu. WhatsApp yana matse hoto ya rage ingancinsa, a aika shi a matsayin takarda, wato document. Kuma kowane dare, ko da gajiya, ku kwafe abin da kuka ɗauka zuwa wata wayar ko wani katin, ku ajiye shi a jakar da ba ta kyamara ba.