Yadda za ka kare sirrinka a Mastodon da ire-irensa, inda kowane rubutu yake da kwafi a gidan wani

Watanni bakwai da Twitter ta yi a rufe a Najeriya, daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022, sun nuna wa masu amfani da intanet a Kaduna cewa dandalin da yake hannun kamfani guda ana iya toshe shi da umarni guda. Tun daga lokacin, musamman bayan Elon Musk ya sayi kamfanin a Oktoban 2022, ake ƙara jin sunayen Mastodon da Bluesky da Nostr a bakin matasan da ke harkar kwamfuta. Wasu suna ɗauka cewa tunda babu kamfani guda da ke riƙe da komai, to sirrinsu ya tsira. Wannan ɗauka ce mai haɗari, kuma tushen haɗarin abu ne da ba a cika bayyana wa sabon shiga ba, wato ajiyar kwafi.

Mastodon manhaja ce da Eugen Rochko ya fitar a Jamus a shekarar 2016, kuma kowa yana iya ɗora ta a kan tasa sabar, wato kwamfutar da ke haɗe da intanet kullum tana riƙe da asusun mutane da rubuce-rubucensu, ya buɗe wa mutane rajista. Waɗannan sabobi suna magana da juna ta wata ƙa'ida mai suna ActivityPub, wadda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da ita a Janairun 2018. A ce wata malamar makaranta a Unguwar Rimi ta wallafa hoton walimar saukar ɗalibanta, alhali tana da mabiya a sabobi ashirin. Sabarta za ta aika rubutun zuwa dukkan ashirin ɗin, kowace ta rubuta shi a nata rumbun bayanan, ta kuma sauke hoton ta adana a nata faifan. Idan wani a can ya sake yaɗa rubutun ga nasa mabiyan, sai kwafin ya ƙara bazuwa zuwa sabobin da malamar ba ta taɓa jin sunansu ba.

Ba mugunta ce ta sa aka tsara abin haka ba. Ajiyar kwafi tana yi wa mai karatu aiki babba. Hoto yana buɗewa da sauri saboda daga sabarsa yake zuwa, kuma ko da sabar asali ta faɗi, rubutun yana nan. Mafi muhimmanci, wayarsa ba ta tuntuɓar baƙuwar sabar kai tsaye, don haka mai waccan sabar ba ya ganin adireshin IP ɗinsa, wanda da shi ake gane kamfanin layin mutum da kusan yankin da yake zaune. Sai dai abin da ya zama garkuwa ga mai karatu shi ne ya zama tarko ga marubuci, domin kwafin da ya shiga faifan wani ya fita daga ikonsa. Duk shawarar da ke tafe ta taso ne daga wannan cinikin.

Ka fara da zaɓen sabar, kuma ka ba shi lokaci kamar yadda za ka bincika mai gida kafin ka biya kuɗin haya. Mai kula da sabar, wanda aka fi kira admin, yana da hanyar ganin adireshin imel ɗinka da adireshin IP da kake shiga da shi, kuma rumbun bayanan da rubuce-rubucenka suke ciki a hannunsa yake. Ka karanta shafin bayanin sabar ka ga ko an faɗi wanda yake gudanar da ita, da ƙasar da na'urar take, da yadda ake biyan kuɗin tafiyar da ita. Amincin admin kaɗai ba ya wadatarwa. A watan Mayun 2023 jami'an FBI a Amurka sun kai samame gidan ɗaya daga cikin masu kula da sabar Kolektiva, suka tafi da na'urorinsa a daidai lokacin da yake aiki da kwafin rumbun bayanan da ba a kulle ba, wanda ya ƙunshi imel da saƙonnin masu amfani da sabar. Ba don sabar aka kai samamen ba, amma bayanan mutane sun bi sahu.

Kafin ka wallafa komai, ka shiga saiti. Mastodon tana ba da matakai huɗu ga kowane rubutu: na kowa da kowa, na kowa amma ba tare da fitowa a jerin jama'a ba, na mabiya kaɗai, da na waɗanda ka ambata kaɗai. Ka mayar da matakin da ya fi dacewa da kai ya zama na dindindin, don kada ka dogara da tunawa a kowane karo. Idan ka zaɓi na mabiya kaɗai, wajibi ne ka kulle asusun ta yadda sai da amincewarka za a bi ka, in ba haka ba duk wanda ya danna maɓallin bi ya shigo ɗaki. Idan buƙatar bi ta zo, ka dubi sunan sabar da ta fito, ba sunan mutumin kawai ba, saboda amincewa da shi yana nufin aika rubuce-rubucenka zuwa faifan admin ɗinsa. Daga sigar 4.2 ta Satumban 2023, ba a saka rubutun mutum a binciken kalmomi na gama-gari sai ya kunna da kansa. Idan ba ka neman baƙi su gano ka, ka bar shi a kashe.

Game da saƙon da ake kira na sirri, maganar gajera ce. Ba a kulle shi daga waya zuwa waya ba, yana zaune a buɗe a rumbun sabarka da na sabar wanda ka aika wa, kuma idan ka ambaci sunan mutum na uku a ciki, shi ma zai samu. Lambar asusun banki, da maganar aure, da rahoton asibiti, duk ka kai su Signal, manhajar saƙo da ke kulle magana daga waya zuwa waya.

Hoto ya fi rubutu wuyar sha'ani. Mastodon tana cire bayanan da kyamara ke liƙa wa hoto, irin su wurin da aka ɗauka, amma ba ta goge allon shago ko lambar Keke Napep da suka fito a bayanka ba, kuma ɗan Kaduna yana iya gane layi a Tudun Wada ko Barnawa daga kalar gini kaɗai. Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: ko da rubutun na mabiya kaɗai ne, fayil ɗin hoton yana da nasa adireshin, wanda duk mai shi zai iya buɗewa ba tare da shiga asusu ba. Hoton yara da na matan gida, a ganina, bai kamata ya hau irin wannan dandali ba sai da yardar masu shi, yardar da aka nema bayan an gaya musu cewa ba za a iya tattaro shi gaba ɗaya ba.

Wannan ya kawo mu ga gogewa, inda karin maganar nan ta cewa magana zarar bunu ce ta sami cikakkiyar ma'ana. Idan ka goge rubutu, sabarka tana share nata, sannan ta aika wa sauran sabobin da ta san rubutun ya isa gare su sanarwar su ma su share. Mafi yawansu suna bi. Amma sabar da ta daɗe a kashe tana iya rasa sanarwar, wadda ta samo rubutun ta bayan fage ba lallai ne a sanar da ita ba, kuma wanda ya gyara manhajarsa da gangan don ta yi watsi da irin wannan sanarwa babu mai tilasta masa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba ka haƙƙin neman a goge bayananka, sai dai bin wannan haƙƙi a kan wani mutum guda da ke gudanar da ƙaramar sabar a wata nahiya ba abu ne mai sauƙi ba. Duk da haka ka kunna gogewa ta atomatik, wadda za a iya saita ta daga mako ɗaya zuwa shekara biyu, tare da keɓe rubutun da ka maƙala a saman shafinka. Ba ta mayar da bunun da aka zare, amma tana rage tarin da mai neman tono tsohon zance zai samu cikin sauƙi.

Sauran dandalin ba su fi ba. A Bluesky, wadda ta buɗe wa kowa rajista a Fabrairun 2024, rubutu da abin da ka so da jerin waɗanda ka toshe duk bayanai ne na fili da kowa zai iya kwasa, kuma a Nuwamban 2024 wani ma'aikacin kamfanin Hugging Face ya tattara rubutu miliyan ɗaya ya wallafa, ya janye su bayan an yi ca a kansa. A Nostr kuwa makullin sirrinka shi ne asusunka, idan ya ɓata ko aka sace babu ofishin da za ka kai kuka, kuma gogewa roƙo ne kawai ga tashoshin da ke riƙe da rubutun.

Ragowar bayanin na wanda yake shirin buɗe tasa sabar ne, misali domin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko ta 'yan kasuwar waya. Ajiye na'ura a gida yana da wuya saboda halin wutar lantarki, don haka akasari haya ake yi a ƙasar waje, ana biya da dala ko yuro. A nan ajiyar kwafi takan zama maganar aljihu. Ko da mambobinka talatin ne, idan suna bin mutane da yawa a wasu sabobi, hotuna da bidiyon baƙi ne za su cinye mafi yawan faifan, ba naku ba. Akwai kuma nauyin shari'a da na mutunci, domin duk ƙazantar da wani ya wallafa a nesa, idan ta iso ta hanyar bi ko yaɗawa, kwafinta a faifanka yake kwana.

A shafin gudanarwa akwai wurin saita adadin kwanakin da za a riƙe hotuna da bidiyon wasu sabobi, kuma umarnin tootctl media remove yana yin wannan aiki, inda yake share abin da ya wuce kwana 7 idan ba a ba shi wani adadi ba. Kwana 7 zuwa 14 ya ishi ƙaramar sabar. Asarar kaɗan ce, saboda idan wani ya buɗe tsohon rubutu za a sake sauko da hoton, muddin sabar asali tana raye. Gajeren lokaci kuma alheri ne ga baƙon da ya goge hotonsa amma sanarwar ba ta iso gare ka ba, tunda kwafinsa zai share kansa.

Sai dai kada ka rikita wannan saiti da maƙwabcinsa, wanda yake share rubuce-rubucen wasu sabobi su kansu. Wancan ba ya tantancewa: yana tafiya da abin da mambobinka suka adana don karantawa daga baya, da amsoshin da aka ba su, har da saƙonnin da mutanen wasu sabobi suka aiko musu, kuma ba a dawo da su. Ka bar shi babu komai a ciki.

Wani zai ce to me zai hana a daina ajiye kwafi gaba ɗaya, a huta da kuɗin faifai. Wasu manhajoji irin su Pleroma da Akkoma suna iya aiki haka, inda wayar mai karatu take sauko da hoto kai tsaye daga sabar asali. Kuɗi ya ragu, amma an sayar da sirrin mambobi, domin duk wanda ya buɗe sabar ya aiko da hoto zai iya ganin adireshin IP na wanda ya kalla. Idan da irin waɗannan manhajoji kake aiki, ka kunna tsarin da zai sa hotuna su bi ta sabarka kafin su isa wayar mutum, sannan ka taƙaita kwanakin riƙe su.

Ka kuma duba saitin AUTHORIZED_FETCH, wanda yake tilasta wa kowace sabar ta sa hannu kafin ta ɗauki rubutu daga taka, ta yadda sabar da ka toshe ba za ta ci gaba da kwasa cikin sauƙi ba. Kuɗinsa shi ne ƙarin aiki ga na'urarka, saboda amsar da ta dogara da wanda ya tambaya ba a iya ajiye ta a miƙa wa kowa, kuma ba ya hana mutum buɗe shafin fili da burauza ya karanta. Ga ƙungiyar da ke fargabar tsangwama, ina ganin ya cancanci wannan nauyi.

Kwafin ajiya na rumbun bayanai, wanda ake yi don gudun asara, shi ne wurin da admin ya fi yin sakaci. Rubutun da mamba ya goge yau yana nan a kwafin makon jiya. Ka kulle kowane kwafi da makulli kafin ya bar sabar, kada ka sauke shi a buɗe a kwamfutar da kake kai wa gyara ko kake ba wa ƙanne aro, ka kuma tsayar da wa'adin share tsofaffi, misali kwana 30. Sannan ka rubuta waɗannan adadi da Hausa a shafin dokokin sabar: kwana nawa ake riƙe hotunan baƙi, kwana nawa kwafin ajiya yake yi, a wace ƙasa na'urar take, da mutum nawa ne suke da makullin shiga rumbun.