Yadda Ake Bambance Jirin Kunne da Jirin da Ba Ya Jiran Safiya

Mutum ya tashi da asuba zai yi alwala, sai ya ga ɗaki yana juyawa da shi, zuciyarsa ta tashi, ya dafa bango. A gidaje da yawa a nan Jos, abin da ake fara cewa shi ne jini ya hau ko kuwa jini ya yi ƙaranci, sai a aiki yaro kemis. Mafi yawan irin wannan jiri daga can cikin kunne yake tasowa, kuma ba ya kisa, amma wani kaso nasa alama ce ta toshewar hanyar jini a ƙwaƙwalwa, wato abin da ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Nauyin da ke kan mutanen gida shi ne su gane wanda zai iya jira da wanda ba zai jira ba.

Bayan dodon kunne, a cikin ƙashin kai, akwai sashe mai siffar katantanwa wanda da shi ake ji, da kuma bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa duk motsin da kai ya yi. Idan saƙon kunne ɗaya ya saɓa wa na ɗayan, sai mutum ya ga duniya tana juyawa alhali yana zaune.

Tambaya ta farko da za ku yi wa maras lafiya ita ce tsawon lokacin da jirin yake ɗauka da abin da ke tayar da shi. Idan yana zuwa ne lokacin da ya juya a kan gado, ko ya sunkuya, ko ya ɗaga kai sama, sannan ya lafa cikin ƙasa da minti ɗaya, to galibi wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu kama da tsakuwa suka zame suka faɗa cikin ɗaya daga bututun nan. Likita yana mayar da su ta hanyar juya kan mutum bi da bi, dabarar da ake kira da sunan likitan Amurka John Epley, ba tare da allura ba. Idan kuwa jirin yana ɗaukar daga minti 20 zuwa awa 12, tare da ƙugi a kunne da raguwar ji, yana tafiya yana dawowa, ana zargin cutar da likitan Faransa Prosper Ménière ya bayyana a 1861. Wannan aikin likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne jirin da ya zo farat ɗaya ya ƙi tafiya, ko da mutum ya kwanta bai motsa ba. Kumburin jijiyar kunne yana kawo haka, toshewar jini a ƙwaƙwalwar ƙeya ma tana kawo haka, kuma a gida ba a iya raba su. Ku dubi fuskarsa ko baki ya karkace, ku sa shi ya yi magana ku ji ko harshe ya yi nauyi, ku tambaye shi ko yana ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko haɗiya tana yi masa wuya, ko wani hannu ya mutu. Idan ba ya iya tsayuwa ko zama sai an riƙe shi, ko yana kukan matsanancin ciwon kai ko na wuya, musamman mai hawan jini ko ciwon suga ko dattijo, to ku nufi sashen gaggawa na babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo nan take, ko da tsakar dare ne. Ku riƙe lokacin da abin ya fara, domin maganin narkar da daskararren jini ana bayar da shi ne cikin awa huɗu da rabi. Kada a ba shi abinci, ko ruwa, ko asfirin, kuma kada ya tuƙa mota da kansa. Ku sani cewa hoton ƙwaƙwalwa da ake kira CT yakan fito lafiya a farkon irin wannan toshewa, shi ya sa likita yake duba motsin idanu da kyau.

Ɗaukewar ji a kunne ɗaya cikin kwana uku ko ƙasa da haka ita ma gaggawa ce, ko babu zafi. Jama'a sukan ɗauka datti ne ya toshe, su yi ta ɗiga mai, alhali maganin da ke iya dawo da ji ya fi tasiri a cikin mako biyun farko. Mu mutanen Filato muna da ƙarin dalilin lura: a Jos aka yi jinyar waɗanda suka fara kamuwa da zazzaɓin Lassa a 1969, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke daga cutar suna samun kurumta. Sanƙarau ma yana lalata ji. Saboda haka zazzaɓi mai zafi tare da raguwar ji ko sandarewar wuya ba na kemis ba ne.

Idan za ku tafi asibiti, ku ɗauki kwalayen duk magungunan da yake sha, ku kuma faɗi allurar da aka yi masa kwanan nan, domin gentamicin da streptomycin da kwinin suna iya taɓa cikin kunne. Maganin jiri da aka rubuta masa kuwa na kwana biyu zuwa uku ne kawai; idan aka zarce da shi, yana jinkirta sabawar ƙwaƙwalwa, tangaɗin ya daɗe bai tafi ba.