Murfi, rumfa ko kariya: yadda zaka zabi abinda ya dace da bayan a-kori-kurarka

Kafin ka fara kallon hotunan motocin mutane kana cewa nima irin wannan nake so, bude kofar direba ka duba jikin ginshikin, akwai sitika ko dan farantin karfe da kamfani ya rubuta nauyin da motar zata iya dauka. In baka gani a nan ba yana cikin littafin mota. Wannan lambar ita ce zata yanke maka hukunci akan komai, kuma abinda mutane da yawa basu lura dashi ba shine lissafin ya hada da kai kanka da duk wanda ya shiga gaba ya zauna, ba kayan bodi kadai ba.

Bari in buga misali. A ce motarka na daukar kilo 900. Mutum hudu manya sun cinye wajen 300, rumfar faiba ta ci kamar 90, kariya, wato karafan da ake daurawa saman bodi dan dora kaya, 30, tantin da ake dorawa a sama 65, jarkar ruwa biyu mai lita 20 kilo 40 kenan tunda litar ruwa daya kilo daya ce, ga kula ga tukunyar gas ga akwatin sifana, kaga tun baka dora lodin da ya sa ka sayi motar ba ka cinye fiye da rabi. Shi yasa nake cewa a fara da nauyi, kwalliya ta biyo baya.

Sai awo. Dauko tef ka auna daga bangon gaba na bodi ta ciki zuwa gambun baya a rufe, a saman gefe inda murfin zai zauna. Manyan motoci irinsu Ford F-150 suna zuwa da bodi mai kafa 5.5 ko 6.5 ko 8, matsakaita irinsu Tacoma kafa 5 ko 6, Hilux mai kofa hudu kuma wajen mita daya da rabi. Kar ka yarda da "ai duk daya ne", ko sunan mota daya ne in an canza samfuri fadin bodin da lankwasar kusurwa na iya canzawa, dan haka fadawa mai sayarwa shekarar motar da tsawon bodin gaba daya.

To wane zaka dauka? Ka tambayi kanka me kake dauka a yawancin kwanaki, ba abinda kake yi sau daya a shekara ba.

In kayanka basu wuce tsayin gefen bodi ba, buhuna ne, akwatuna, kayan aiki, murfi ya isheka. Mai laushi da ake nadewa shi yafi sauki da rashin nauyi, in zaka dauki firij ko babur ka nade shi ka daure a gaba bodi ya bude gaba daya, amma fa tsaronsa na ido ne kawai, wuka daya ta gama dashi. Mai tauri da ake ninkewa gida uku ko hudu, irin su BAKFlip, yafi tsaro matukar gambun bayanka na kulluwa, domin yawancinsu sai ka bude gambun sannan hannunka zai kai ga sakatar, in gambun baya da makulli to murfin ma kamar a bude yake. Illarsa in ka ninke shi duka ka jingina da kan mota ya tare maka gilashin baya. Akwai mai zamewa kamar kofar shago, irin na Retrax, dadin amfani kam ba'a magana, sai dai akwatin da yake nadewa a ciki yana cinye wajen kafa daya na gaban bodi, ga wanda bodinsa gajere ne wannan ba karamar asara bace.

Kuma kar wani ya rudeka cewa murfinsa baya shan ruwa kwata-kwata. Suna tare ruwan sama ne, amma kusurwoyi da gefen gambu sukan yi yoyo. Masu zamewa da wasu masu ninkewa suna da kananan tiyo da ke fitar da ruwan da ya taru, ka tabbata an zura su waje ta ramin bodi basu lankwashe ba, kuma ka rika zare ganye da kasa daga ciki. Kura tafi ruwa naci, ta tsagar gambun baya take shigowa saboda yadda iska ke juyawa a bayan mota in tana gudu, maganinta robar like gambu ce da ake mannawa a gefe da kasa. Zancen wai murfi na rage shan mai, in ma akwai dan kadan ne, bai kai dalilin saye ba.

Rumfa kuma ta mai son kwana a ciki ce ko mai kaya masu tsayi da yake son kullewa. Ta faiba, irin ta Leer ko ARE, ana mata fenti kalar mota tayi kyau amma tana da nauyi, cire ta sai an hadu mutum biyu ko fiye, kuma in ta bugu tsagewa take yi. Ta alminiyam tafi sauki, lotsawa take maimakon fashewa, masu aikin hannu sun fi sonta. Ni a ganina abu daya da bai kamata ka tsallake ba shine tagar gefe mai dagawa sama, in babu ita kullum sai kayi rarrafe ka shiga har kurya dan dauko abu daya. In kwana zaka rika yi nemi mai shimfidar kafet a rufin ciki da taga mai ragar sauro, saboda numfashin mutum kan taru ya zama raba a jikin rufi cikin dare ya rika diga maka a fuska. Ka auna tsawonka da na bodin ma, mutum mai kafa 6 ba zai mike a bodi mai kafa 5 ba sai dai ya kwanta a karkace ko ya bar gambu a bude. Kada a kunna risho ko gawayi a ciki, kada kuma a bar inji na aiki mutum na kwance a baya, hayakin da ke kisa baya da wari. Sannan tunda rumfar ta rufe fitilar birki ta sama, a hada wayar wadda ke jikin rumfar.

Kariya ce wurin da aka fi yin ganganci. Lamba biyu kamfanoni ke rubutawa, nauyin da zata dauka mota na tafiya da wanda zata dauka mota na tsaye, na tsaye yakan ninka na tafiya sau biyu ko uku ko fiye, shi yasa tanti da mutum biyu ke kwana a kai lafiya lau alhali ba zaka iya tafiya da wannan nauyin ba. Lambar tafiya ita ce taka, wasu kamfanonin ma suna da ta uku mafi kankanta dan hanyar gargada. Kuma in kan rumfa zaka dora kariyar, lambar rumfar ce ke aiki in ita ce karama, komai karfin karafan. Wadda mai walda ya hada maka bata da wata lamba, sai ka rage mata lodi ka rika duba wurin waldar.

Tsayi kuma ya danganta da kaya. Tsani, katako, faif, kwale-kwale, duk abinda ya fi bodi tsawo yana son kariyar da ta haura kan mota. Tanti kuwa gara matsakaiciya ya buya a bayan kan mota, iska bata dukansa, kara ta ragu, motar bata rinjaya a kwana. Abu mai nauyi kamar jarka da batir kasa ya kamata ya zauna, gaban tayoyin baya, sama ta marasa nauyi ce. Bayan ka gama dauri auna tsayin motar gaba daya ka rubuta ka manna kusa da sitiyari saboda kofar gareji.

In kasan wata rana zaka so murfi da kariya tare, yanzu zaka yanke shawara, dan yawanci dukkansu gefen bodi daya suke kamawa, sai ka sayi murfi daga baya ka tarar babu inda kafar kariya zata zauna. Nemi murfi mai layin dogo a gefe wanda kariyoyin Yakima ko Thule ke shiga, ko ka tambayi kamfanin kariyar wane murfi ne ke tafiya da tasu. Bayan an daura, yi tafiya kadan da lodi ka tsaya ka bi kowane noti da sifana, ka sake bi duk lokacin da ka fito daga gargada.